Bashin Anarcha: Shin Kyawun Sakamako Yana Wanke Munin Hanya?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, wato: idan aka samo ilimi mai amfani ta hanyar zalunci, mene ne matsayin wanda ya zo daga baya ya ci moriyarsa? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba tambayar ta fuskar wani abu da ya auku a tarihin binciken lafiyar mata, wanda kuma inuwarsa ta iso har ƙofar gidajenmu.

Ciwon yoyon fitsari ba baƙo ba ne ga mai karatu. Yakan samu ne idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu. Jini sai ya daina isa wurin, naman ya mutu, kafa ta buɗe, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Sau da yawa jaririn ba ya zuwa da rai, ita kuwa uwar ta koma abin gudu a cikin danginta.

Daga 1845 zuwa 1849, wani likita mai suna J. Marion Sims ya duƙufa wajen neman hanyar ɗinke wannan kafa a garin Montgomery na jihar Alabama, a Amurka. Waɗanda ya yi gwajinsa a kansu bayi ne, baƙar fata, da ya karɓo daga hannun iyayengijinsu. Sunayen uku kawai tarihi ya riƙe: Anarcha da Lucy da Betsey. Anarcha tana da shekara kamar 17 lokacin da naƙudar kwana uku ta jawo mata ciwon. An yi mata aiki har sau 30, idonta biyu, ba tare da maganin gusar da zafi ba. Da sauran likitoci suka gaji suka daina zuwa taimako, matan ne da kansu suka riƙa danne junansu ana yanka. A ƙarshe Sims ya bar zaren alharini ya koma ɗinki da zaren azurfa, ya ce kafar Anarcha ta rufe, ya wallafa sakamakonsa a 1852, ya yi suna har aka riƙa kiransa uban ilimin cututtukan mata na zamani.

Masu kare shi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba tare da an auna ba. Sun ce matan suna cikin azaba tun kafin su haɗu da shi, kuma babu wani magani a lokacin. Sun ce maganin gusar da zafi da ake shaƙa sai a 1846 aka nuna shi a bainar jama'a a Boston, bai kuma samu karɓuwa nan take ba. Sun ƙara da cewa shi kansa ya rubuta cewa matan sun amince. Daga nan sai su kafa babbar hujjarsu: wahalar mata kaɗan ta zama sanadin warkewar dubbai.

A ganina, hujjar amincewa ita ce mafi rauni. Yarda ba ta da ma'ana sai ga wanda yake da ikon ƙi. Baiwar da aka ɗauko daga gonar ubangijinta aka ajiye a bayan gidan likita, ina za ta nufa idan ta ce a'a? Wataƙila Anarcha ta so warkewa da zuciya ɗaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma son warkewa daban, zaɓen a yi gwaji a jikinka sau 30 daban, ita kuwa ba a taɓa ba ta wannan zaɓi ba.

Hujjar lissafi kuma, wato a ɗora wahalar kaɗan a kan sikeli ɗaya da amfanin masu yawa, tana da wani aibu a ɓoye. Mai yin lissafin bai taɓa sa 'yarsa a cikin kaɗan ɗin ba. Kullum marar gata ne ake ɗorawa a sikeli. Saboda haka ne duniya, bayan ta ga ta'asar likitocin Nazi, ta kafa ƙa'idar Nuremberg a 1947, wadda ta sa yardar mutum bisa raɗin kansa a matsayin sharaɗin farko na kowane gwaji.

To, sai mu yar da ilimin ke nan? Nan ne tambayar ta fi tsauri. Asibitin yoyon fitsari da Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe a Addis Ababa a 1974, da aikin da Dokta Kees Waaldijk ya soma a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980, duk rassa ne na fannin da aka dasa a jikin waɗannan bayi. Idan aka hana wata yarinya ɗinki a yau don nuna fushi da Sims, ba a rage wa Anarcha zafin yanka ko ɗaya ba, an dai ƙara yawan waɗanda aka zalunta. Haka nan tsoron kuskure bai isa dalilin daina bincike ba. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magunguna, sai da aka ga hakan ya bar likitoci cikin duhu game da jikin mace, aka janye shawarar a 1993.

Abin da nake gani shi ne, amfani da irin wannan ilimi ya halatta, amma yana tafe da bashi. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kashin farko na bashin shi ne faɗin gaskiya. An cire gunkin Sims daga dandalin Central Park na New York a 2018, an kuma kafa abin tunawa da matan uku a Montgomery a 2021. Ya dace ɗalibin likitanci ya san sunan Anarcha kamar yadda ya san na Sims. Kashi na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi mu da muke raye. Talauci da rashin karatu suna iya tauye yarda kusan yadda bauta ta yi. Matar ƙauye da aka miƙa wa takarda cikin harshen da ba ta ji, aka ce ta dangwala yatsa, ba a tambaye ta ba tukuna.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su zama likitoci, ko masu bincike, ko tafintoci a tsakaninsu da jama'a. Ranar da takardar ta zo hannunka, ka karanta mata ita da Hausa, ka gaya mata cewa ko ta ƙi za a yi mata magani, sa'an nan ka saurara ta ba da amsa.