Ko Yardar Mai Jin Yunwa Yarda Ce?

Akwai wata magana da masu sa aiki su kan faɗa, har ta zama musu garkuwa. In ka ce wa mutum, "Wane, ladan nan da ka ba yaron nan ya yi kaɗan," sai ya ce maka, "Ai shi ya yarda. Jinga muka yi, ban tilasta shi ba." Da ya faɗi haka shi ke nan, a ganinsa ya fita hakki duniya da lahira. Ni aikina na akawu ne, watau rubuta sunayen ma'aikata da abin da za a biya kowa, na kuwa ji maganar nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har ni ma bakina ya taɓa faɗinta. Shi ya sa na ke so mu zauna da kai, mai karatu, mu auna ta, mu ga ko ta cika mudu.

Bari mu fara ba mai jari hakkinsa, kada a ce mun yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Kowace sana'a mai girma, ko masaƙa ce, ko wurin casar shinkafa, ko fataucin goro, tana tsaye ne a kan abu biyu, dukiya da ƙarfin mutum. Mai dukiya shi ke sayen inji, ya kama hayar sito, ya tara kaya tun ba a san inda kasuwa za ta nufa ba. Ma'aikaci ya kan karɓi nasa ƙarshen mako ko ƙarshen wata, ko an sayar ko ba a sayar ba. Mai jari kuwa sai abin da ya ragu bayan an sallami kowa. In ya ragu, riba ke nan. In bai ragu ba, uwar kuɗi ce ke zaizayewa, shi kaɗai kuma zai kwana ido biyu. Duk wanda ya ce riba sata ce bai taɓa leƙa littafin ɗan kasuwa a shekarar da kaya suka faɗi ba.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san an raba sha'anin gida biyu. Akwai ijara, watau a ɗauki mutum aiki sananne a kan lada sananne, ba ruwansa da riba, ba ruwansa da hasara. Akwai kuma ƙiradi, watau mai dukiya ya ba wani kuɗi ya juya, su yi sharaɗi tun farko a kan rabon riba, ko rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin uku. In an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, mai dukiya ya yi hasarar dukiyarsa, mai juyawa ya yi hasarar wahalarsa. A duka biyu, abin da shari'a ta matsa a kai shi ne kada a shiga cikin duhu, kowa ya san abin da ya amsa. Har Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya yi kiwo a Madyana, sai da aka yanka masa adadin shekaru tukuna.

To, ashe mai cewa "ai shi ya yarda" yana da madafa. Amma mece ce yarda?

A shekarar 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Japan suka kama ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Sai gwamnati ta juyo kan ma'adinan Jos. Da ma'aikata suka kasa, aka ɗora wa En'e-En'e su kawo mutane, kowane hakimi da adadinsa, kowane dagaci da nasa. Aka yi ta ɗiban talakawa daga gonakinsu ana kai su haƙar kuza a kan tsauni mai sanyi, ba su da bargo, abinci bai isa ba, ciwo ya kashe da yawa, waɗansu suka gudu. Sai 1944 aka daina. Abin da na ke so ka lura da shi, mutanen nan ana biyansu. Akwai takardar biya, akwai akawu irina da ya rubuta sunayensu. Amma ba mai hankalin da zai ce sun yarda, domin dogari na tsaye a ƙofar gida. Mun ga ke nan biya daban, yarda daban.

Yanzu cire dogarin, ka sa yunwa a gurbinsa. Ga ɗan cirani ya baro garinsu bayan kaka, rumbu bai cika ba, ya bar mata da 'ya'ya uku. Ya iso birni, ya tsaya bakin titi da diga da shebur tun asuba, su talatin, mai gini kuwa mutum biyar ya ke so. Mai gini ya faɗi kuɗin da shi kansa ya san ba zai ciyar da gida yini ɗaya ba. Ɗan cirani ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, ya ga in ya yi gardama wani zai haye motar. Sai ya ce, "Na yarda." Harshensa ne ya faɗa, gaskiya ne. Amma ciniki na gaskiya shi ne wanda kowane ɗaya cikin biyun ke iya cewa "albarka" ya juya. Mai gini in bai sami lebura yau ba zai samu gobe, bulo ba ya ruɓewa. Lebura in bai sami aiki yau ba, tukunya ba za ta hau murhu ba. Ɗaya yana iya jira, ɗaya ba ya iyawa, kuma daga nan ne arhar ta fito.

Wani zai ce, ai haka kasuwa ta ke. Gero ma da kaka arha ne, da bazara tsada. Ƙwadago ma da damina, sa'ad da kowa ke neman mai noma, ya kan yi tsada, har ɗan barema ya riƙa zaɓen gonar da zai shiga. Wannan duk gaskiya ne, ba na musunsa. Sai dai gero in ya yi arha mai shi na iya zuba shi a rumbu ya jira bazara. Ƙarfin mutum ba ya ajiyuwa. Yinin da bai sayar ba ya tafi har abada, ga shi kuma ko ya yi aiki ko bai yi ba sai ya ci. Mun san yadda mu kan kalli mutumin da ya ɓoye hatsi lokacin yunwa don ya tsawwala wa jama'a. Shi ma in ka tambaye shi, cewa zai yi masu saye sun yarda.

Da ma'aikata suka gane cewa mutum ɗaya ba ya iya cewa "albarka", sai suka koyi faɗinta tare. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan reluwe da na gidan waya da na sauran ma'aikatun gwamnati suka ajiye aiki fiye da kwana 40, Michael Imoudu na cikin manyan jagororinsu. Ƙararsu ita ce yaƙi ya sa kaya sun yi tsada, albashi kuwa yana nan inda ya ke. Daga baya aka naɗa kwamitin bincike, aka ƙara musu kuɗin tsadar zama. Ba kullum abin ke ƙarewa lafiya ba. Ran 18 ga Nuwamba 1949, a mahaƙar kwal ta Iva kusa da Inugu, 'yan sanda suka buɗe wa mahaƙa wuta, mutum 21 suka mutu. Mu da ba mu saba da yajin aiki ba mu kan ɗauke shi rashin kunya ga na gaba. Ni dai a ganina, in an bi shi da ladabi, ba kome ba ne illa talaka yana neman ikon da mai kuɗi ya ke da shi tun da, watau ikon jira.

A nan akwai abin da ya kamata duk mai karɓar lada ya riƙe. Lada ba yawan lambar da aka rubuta a takarda ba ne, mudu nawa zai auno. A 1974 kwamitin Udoji ya sa aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi mai yawa, har da bashin watannin baya. Aka yi murna, aka sayi rediyo da babura. Ba a daɗe ba kasuwa ta ji labari, kome ya tashi, manomi da ɗan dako waɗanda ba su sami ko kwabo ba su ma suka shiga biyan sabon farashi. Dubi kuma dokar mafi ƙarancin albashi. A 1981 naira 125 ne a wata. A 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a 2024 ya zama 70,000. Lamba tana ta hawa. Amma ka tambayi dattijon da ya yi aiki a 1981 buhu nawa na masara albashinsa ke saye, sa'an nan ka je kasuwa ka gwada da na yanzu.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar nan ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin gona na lokaci-lokaci ba. Yaron kanti, da 'yar aikin gida, da mai gadi, da ɗan barema, da yaron mota, galibinsu suna bayan katangar doka. Ba su da ƙungiya, ba sufeton da zai zo duba littafi. Tsakaninsu da mai gidansu sai Allah. Kai ma mai karatu, mai yiwuwa ne ba ka da kamfani, amma kana da wanda ke yi maka noma, ko wadda ke yi wa iyalinka wanki, saboda haka kada ka ce da attajirai a ke.

Na san abin da za ka ce: "In na biya fiye da yadda kowa ke biya, kayana za su fi na kowa tsada, in karye, yaran ma su rasa aikin." Wannan hujja ce mai ƙarfi, wani lokaci kuwa gaskiya ce tsantsa. Rabin lada ya fi zaman banza, ba kuma a ce wa mutum ya ba da abin da ba shi da shi. Amma hujjar tana da sharaɗi, kai kaɗai kuma ka san ko ka cika shi, domin kai ke riƙe da littafin. In ka ce wa yaranka su yi haƙuri bana kasuwa ta ƙi, to, baɗi da kasuwa ta yi kyau, ka kira su ka ƙara musu? In ka sa su cikin hasara kamar abokan ƙiradi, sa'an nan ranar riba ka tuna cewa 'yan ijara ne, ka ci da baki biyu ke nan. Fataken Kano na da sun fi mu sanin wannan. Yaro ya kan yi shekaru yana bin ubangidansa Gwanja a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma ci da sha da tufa da jiyya suna wuyan maigida, in ya isa a yi masa aure, a yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Ba duka ke cika alkawari ba, amma wanda ya ƙi, gari ya san shi. Yanzu waɗansu sun riƙe ƙaramin ladan, sun yar da auren da jarin.

Mafi muni duka shi ne jinkiri. Hadisi ya yi umurni a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, kowa ya haddace wannan, amma "dawo gobe" ta fi shi yawo a gari. Wanda ya riƙe ladan lebura mako biyu yana juya kuɗin, bashi ya ci daga hannun matalauci ba da izininsa ba. A nan ko garkuwar "ai shi ya yarda" babu, domin ba wanda ya taɓa yin jinga a kan a yi ta yi masa yawo da hankali.

Na ce ni ma na taɓa faɗin maganar nan. Wata shekara katangar gidana ta zube da damina, na kira wani magini, dattijo, ya faɗi kuɗinsa, na raba biyu na taya. Ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Malam, Allah ya sa albarka." Na shiga gida ina yaba wa kaina iya ciniki. Ran da ya gama, ina ƙirga masa kuɗi, sai ya roƙe ni in ba shi takardar da aka rubuta masa a asibiti in karanta masa, shi ba ya karatun boko. Maganin matarsa ne, kwana huɗu takardar tana aljihunsa. Na tambayi farashinsa a kantin magani da yamma. Ya yi kusan daidai da rabin da na zaftare.