Rasuwar Jajibirin Sallah

A unguwar Gwammaja ta Kano akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Hajiya, wadda ba da ido kaɗai take kallon fim ba, har da baki. Da an kunna sai ta gyara zama a kan darduma, ta ajiye carbi a gefe, ta faɗa cikin labarin tsundum. Ita ce mai gargaɗin amarya kada ta sha kunun da kishiya ta dama, ita ce mai yi wa ɗan sanda tsawa ya ɗaga ƙafa, ita ce mai sa wa yaron kirki albarka kamar yana jin ta. Tun zamanin kaset ɗin bidiyo take haka. Aka koma faifai, aka zo Arewa24, har aka kai ga kallo a wayar jikoki, halin bai sauya ba.

Tana da nata 'yan lele a cikin 'yan wasa. Ranar 1 ga Janairun 2007, ana tsakiyar shagalin babbar sallah, da aka ce Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a wajen Azare, ko tuwon dare ba ta taɓa ba. A Disambar 2014 da Allah ya ɗauki ran Rabilu Musa Ɗan Ibro aka kai shi Ɗanlasan aka binne, kuka ta yi da majina, ta sa aka soya ƙosai aka raba wa almajirai, ta yi kwanaki in ta tuna wani abin dariyarsa sai ta fara murmushi ta ƙare da share hawaye. Da Samanja ya rasu a Nuwamban 2023 cewa ta yi, "Shi ke nan, namu na da sun ƙare."

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa samun albarkar bakin Hajiya ba: Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso. Ita ce ake ba wa fitowar uwar miji mai tsanani, ko kishiyar uwa, ko matar da ta ƙware a makirci, kuma ta iya abin har ya wuce misali. In ta zare ido ta riƙe ƙugu, mai kallo ma sai ya gyara zama. Hajiya kuwa da ta hango ta sai ta hau tafa hannu: "Ga ta nan, muguwa! Allah ya isa tsakaninki da 'yar mutane. Ke dai ba za ki gama da duniya lafiya ba." In jikarta, wadda aka sa wa sunanta ake kira Ummi, ta ce, "Hajiya, wasa ne fa," sai ta ce, "Rufe mini baki, takwara. Wanda babu abu a cikinsa ba ya iya kwaikwayonsa haka."

A gidan akwai surukarta, matar ɗanta na fari, uwar su Ummi. Shekara ashirin da ɗoriya tana gidan, amma ba a taɓa jin Hajiya ta kira ta da wani suna ba sai "ke". Ba dukanta take yi ba, ba ashar take ɗura mata ba. Ƙanana ne, irin waɗanda in ka kai ƙara a kansu za a ce ka cika ƙorafi: miya ta yi gishiri, tuwo ya yi gudaji, an yi shara an bar lungu, wa ya ba ki izinin buɗe buhun nan, a gidanku haka ake yi? Matar takan durƙusa ta ce, "A yi haƙuri, Hajiya," ta tashi ta ci gaba da aikinta. Mijin kuwa, kamar yawancin irinsa, ya gano cewa zaman kasuwa har bayan isha'i ya fi raba gardama sauƙi.

Ranar Talata, 9 ga Afrilun 2024, azumi na talatin, gobe sallah. Rana ta buɗe da zafin nan na Kano mai busar da maƙogwaro tun hantsi. Hajiya tana tsakar gida tana auna zakkar kono, surukar tana madafi tana fama da suyar kaji da cincin, taubashiyar Hajiya da yara suke kira Goggo ta zo yi wa 'yan mata lalle. Sai Ummi ta fito daga ɗaki da waya a hannu, idonta ya yi ja.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, Daso ta rasu."

Aka yi salati. Hajiya ta tsaya da mudu a hannu, ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Da ta tsaya nan da ba a yi labari ba. Amma ta ƙara zuba gero a buhu, ta ce, "To, yau a je a tarar da abin da aka shuka."

"Haba Hajiya! Da azumi a bakinki?"

Ba ta kai ga ba da amsa ba sai ga autan gidan, yaro ɗan shekara shida da aka aika markaɗe tare da yayansa, ya faɗo gidan a guje babu takalmi, yana kuka har numfashinsa yana sarƙewa. Ya yi turus da ya ga Hajiya. Sai ya ruga ya ƙanƙame ta, ya tusa kai a cinyarta.

"Lafiya, maigidana? Wa ya taɓa mini kai?"

"A wajen markaɗe aka ce kin mutu."

"Ni? Wane mai baƙin bakin ne ya faɗa?"

"Matan nan ne. Suka ce Daso ta mutu, Daso ta mutu."

Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarar mai a kasko. Ummi ta sunkuyar da kai kan wayarta. 'Yan matan da ake yi wa lalle suka shiga duban tafin hannunsu kamar yau suka fara ganinsa. Hajiya ta ɗago fuskar yaron ta tambaye shi a hankali wa ya gaya masa sunanta ke nan. Ya ce, "Kowa ma."

Goggo ce ta fasa ƙwan, don taubashi ba ya jin tsoron taubashi. "Ke kaɗai ce ba ki sani ba, 'yar uwa. Mai ruwa, mai gawayi, yaran maƙota, duk wanda zai yi kwatancen gidan nan, gidan Daso yake cewa. Ya fi shekara goma."

Hajiya ta ajiye mudun ta shige ɗaki. Ba wanda ya bi ta.

A waje kuwa gari ya ɗauka. Duk wayar da ka leƙa hoton marigayiyar ne, a WhatsApp, a Facebook, a TikTok, da addu'o'i da 'yan fuskokin nan masu zubar da hawaye. Wasu suna yi mata barka da dacewa da cikawa a watan Ramadan. Wasu suna gardamar ko ya dace a riƙa yaɗa hoton mace bayan ranta. Har waɗanda jiya-jiya suke cewa 'yan fim ne suka lalata tarbiyya, yau sun bi layin masu yabo. Ba laifi ba ne mutum ya yi kukan wanda ya shekara ashirin yana shigo masa ɗaki ta akwatin talabijin. Sabo ake yi wa kuka, kuma addu'ar da ta fito daga zuciya ba ta faɗuwa ƙasa. Sai dai kukan ɗan wasa kuka ne mai sauƙi. Ba ka taɓa cin bashinsa ba, ba ka taɓa hana shi barci ba, babu wata magana da ta rage tsakaninku da za ta tsaya maka a wuya. Kana gamawa ka share ido ka koma harkarka.

Bayan azahar Hajiya ta ƙwala wa Ummi kira. "Zo ki karanta mini abin da ake faɗa a kan matar nan."

Ummi ta zauna bakin gado tana karantawa. Shekararta 56. Malamar makaranta ce kafin ta shiga fim. Ta fara fitowa a shekarar 2000 a fim ɗin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, daga nan aka gan ta a su Nagari da Gidauniya da Sansani. Ta taɓa zama jakadiya a fadar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu. Lafiya lau ta yi sahur ta kwanta, ba ta tashi ba. Abokan sana'arta kuwa, manya da yara, shaidarsu kusan ɗaya ce: mace mai fara'a, mai barkwanci, mai jan mutane a jiki. Ummi ta nuna mata wasu gajerun bidiyo da marigayiyar takan saka da kanta, tana raha tana dariya. Hajiya ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido. Fiye da shekara ashirin tana kallon fuskar nan, ba ta taɓa ganinta a wajen wasa ba.

Goggo ta leƙo da hannu duk lalle. "Kin gani ko? Ita biyanta ake yi ta ɗaure fuska. Da mai ba da umarni ya ce a tsaya, sai ta kwance ta, su zauna su ci abinci kwano ɗaya da yarinyar da ta gama zaga. Ke wa yake biyanki? Wa yake ce miki tsaya?"

"Fita mini daga ɗaki," in ji Hajiya. Amma babu ƙarfi a muryar.

Da la'asar ta sa aka kira mata malamin da yake koyar da yara a zauren maƙota. Ya tsaya daga bakin ƙofa suka gaisa. Ta ce tambaya gare ta: mutum ne ka shekara kana tsine masa, bai sani ba, bai taɓa yi maka komai ba, ga shi ya riga ka tafiya, yaya za a yi? Malam ya ce abin da malamai suka karantar shi ne ka tuba, ka yawaita nema masa gafara, kuma a wuraren da ka saba ambatonsa da sharri ka koma ambatonsa da alheri. Ya ƙara da cewa haƙƙin ɗan'adam ba ya wankuwa da yawan sallah da azumi kawai.

Hajiya ta yi jim. "In kuma mutumin yana raye fa?"

"Sai a taka a je a same shi, Hajiya."

Daga ɗakinta zuwa madafi taku kaɗan ne, amma sai da aka kusa kiran magariba ta iya yin su. Ta tarar da surukar tana tsame cincin, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Matar ta yi sauri za ta durƙusa, tana duban kaskon ko wani laifin aka gani. Hajiya ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Maman Ummi."

Matar ta ɗago da sauri. Ba ta taɓa jin wannan kiran daga wannan bakin ba.

"Ki yafe mini abin da na yi miki a gidan nan."

"Haba Hajiya, ba komai. Ai ke uwa ce. Tsakanin uwa da 'ya..."

"Kada ki yi mini ba-komai. Ba-komai ɗin nan na shekara ashirin ina ji. Faɗa mini guda ɗaya, wanda ya fi tsaya miki."

Matar ta sauke kaskon daga wuta. Ta daɗe tana goge hannu da gefen zani. Da ta buɗe baki, ba maganar gishiri ta yi ba, ba ta buhun shinkafa ba.

"Shekarar da Ibro ya rasu. Kin yi kuka, kin sa na soya ƙosan sadaka, na soya. Ba a yi wata ɗaya ba Innata ta rasu a Bichi. Ranar uku, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, kika aiko a ce na dawo, babu mai yi wa yara girki. Na dawo. Na shigo na durƙusa na gaishe ki, ina jiran ki ce mini ya haƙuri. Kika ce tulu babu ruwa." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Har yau ba ki yi mini gaisuwa ba, Hajiya. Sauran duk na manta da su."

Hajiya ta buɗe baki ta rufe. Ta nemi abin kare kai ta rasa, domin ta tuna ƙosan sarai, har da almajirin da ya dawo neman ƙari, amma ranar da surukarta ta dawo daga Bichi ko alama ba ta tuna ba. Ladan ya kira sallah. Matar ta miƙa mata dabino da kofin ruwa kamar kullum. Hajiya ta karɓa, ba ta kai baki ba sai da ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta." Muryarta ta karye a tsakiya. Matar ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki," ta juya baya tana share fuska da ɗankwali.

Ba a ce Hajiya ta kwana ta tashi waliyyiya ba. Da safiyar sallah ma sai da ta ce an cika wa miya yaji, ta kama kanta, ta ce amma ta yi daɗi. Bayan an sauko daga idi, mata suka cika gidan da barka da sallah, hira ta koma kan Daso. Hajiya ce ta karɓe zancen: malamar makaranta ce fa, mutuniyar kirki ce, duk abin nan da kuke gani aiki ne aka ba ta, a yi mata salati goma-goma. Matan suka dubi juna suka yi.

Washegari da sassafe ta tare ɗanta a zaure kafin ya sulale. Ta ce ya nemo mota, Bichi za su, ita da shi da Maman Ummi, kuma ya tsaya a hanya ya sayi goro da buhun gero.

"Bichi kuma, Hajiya? Yau fa Hawan Daushe, hanya a cushe take. Me za a yi a can?"

"Gaisuwar mutuwa."

"Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Surukarka."

Ya tsaya yana kallonta. "Hajiya, ai wannan an kusa shekara goma."

"Na sani. Kai da kake namiji, kana ina lokacin da na aika a dawo da ita? Bakinka ciwo yake yi? Wuce ka nemo mota, kada rana ta yi mana."