Bogi: Kuɗin ko Injin?

Karatu: Ayyukan Manzanni 19:11-20

'Yan'uwa cikin Almasihu, kullum muna cewa magani na bogi, takardar shaida ta bogi, har ma fasto na bogi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kalmar baƙuwa ce a Hausa. Daga Turanci muka aro ta, inda suke cewa “bogus”. A Amurka aka fara jin ta, kimanin shekara 200 da suka wuce, kuma tun farko sunan injin da 'yan damfara ke buga kuɗin jabu da shi ne. Daga baya sunan ya koma kan kuɗin, sannan ya game duk abin da ba na gaskiya ba.

Wannan tarihi ya sa ni tunani. Ina jabun yake, a kuɗin ko a injin? In hukuma ta ƙwace kuɗin jabu buhu goma ta bar injin, gobe za a buga wasu.

A Afisa, 'ya'yan Siba su bakwai suka ga al'ajiban da Allah ke yi ta hannun Bulus, sai suka ɗauki sunan Yesu suka je fitar da aljani. Sunan na gaskiya ne, kalmomin ma daidai. Amma aljanin ya nuna ya san Yesu, ya san Bulus, su kuwa bai san su ba. Mutumin ya fāɗa musu, suka gudu tsirara da raunuka. Zuciyarsu ce injin, domin sun so iko ba tare da sun miƙa kai ga Mai iko ba.

Yana da sauƙi mu nuna annabin ƙarya da yatsa. Amma ɗan'uwa, laifi tudu ne. Shaidar da ka ƙara wa gishiri domin jama'a su tafa fa? Harsunan da kika kwaikwaya, 'yar'uwa, don kada a ce ba ki cika da Ruhu ba fa? Ni kaina na taɓa ɗaga murya a wa'azi alhali na kwana biyu ban durƙusa a ɓoye ba. Son yabon mutane ne ke buga irin wannan kuɗi.

Kada kuma jabu ya sa ka bar ikilisiya. Ba wanda ke wahalar buga jabun abin da ba shi da daraja. A Afisa ma, bayan asirin ya tonu, masu bi suka furta ayyukansu, aka ƙone littattafan sihiri na azurfa 50,000, Maganar Ubangiji kuwa ta haɓaka.

Addu'a: Ya Uba, ka bincike ni. Ka farfashe duk abin da ke ƙera ƙarya a zuciyata, ka ba ni bangaskiya sahihiya, ko da ƙarama ce. A cikin sunan Yesu. Amin.