Kai Tsoho Yawon Buɗe Ido: Biyayya Ce Ko Burga?

Wata sabuwar al'ada ta shigo ƙasar Hausa, wadda ya kamata mu ɗalibai mu yi mata kallon tsanaki tun ba ta zama jiki ba. Idan yaro ya sami abin hannunsa, sai ya ɗauki mahaifinsa ko mahaifiyarsa zuwa Alƙahira ko Dubai ko Istambul, a zaga gari, a yanka kek, a ce yau Baba ya cika shekara sittin. Hukuncin bikin a shari'a na malamai ne. Tambayata a nan ita ce: wa ake yi wa wannan hidima, tsohon ko mai ɗaukar nauyinsa?

Mu fara da ranar ita kanta. A Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Ƙafur, da sauran garuruwan noma na tsakanin Funtuwa da Malumfashi, dattawa da yawa da abin da ya auku suke ƙidayar shekarunsu. Wani ya ce an haife shi shekarar da aka kashe Sardauna, watau 1966. Wata ta ce ana goyonta aka koma tuƙin hannun dama, watau 1972, ko kuwa lokacin da fam da sule suka ba naira wuri a 1973. Dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa rajistar haihuwa ta dole a 1992 aka yi ta. Shi ya sa za ka ga fasfo ɗin tsofaffi da dama ɗauke da 1 ga Janairu, ranar da malamin ofis ya zaɓa don cike takarda. Bikin haihuwa da Bahaushe ya gada shi ne suna, ran bakwai, sau ɗaya a rayuwa. Masu suka sun riƙe wannan hujja, suna cewa abin duk kwaikwayo ne, tun da ranar ma ta aro ce.

A ganina sun faɗi rabin gaskiya. Ranar ta aro ce, amma tafiyar ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja neman goro, alhazan da kuwa sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, waɗansu suka shekara da shekaru a hanya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je hajji a 1921, ya kuma ga birnin Landan. Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. To, in sarki da marubuci sun cancanci ganin duniya, me zai hana manomin da ya sayar da audugarsa a Funtuwa ya biya kuɗin makarantar ɗansa? Wanda ya ce tsohon ƙauye ba shi da sha'awar ganin kogin Nilu ya raina shi, ko da yana tsammanin kare masa mutunci yake yi.

Ashe ke nan laifi ba ya ga tafiyar. Sai mu nemi ma'aunin da za a gane ta kirki da ta burga, ni kuwa guda uku na gani.

Na farko, wa ya zaɓa? Iyayenmu mutane ne masu kunya da kawaici. In ka zo wa uwa da tikiti a hannu, ba za ta ce ba ta so ba. “Allah ya yi maka albarka” za ka ji. Wannan addu'a ce, ba lalle ta zama amincewa ba. Mai yiwuwa zuciyarta na Madina, tana begen ziyarar Uhudu da masallacin Ƙuba, kai kuwa ka nufi kantunan Dubai da ita. Haka nan manomin da aka ɗauke shi ana tsakiyar damina, gangar jikinsa ce kawai ta hau jirgi, hankalinsa na wajen masara. Kyauta da mudun mai karɓa ake auna ta.

Na biyu, me aka bari a gida? Suratul Isra'i ta haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah a wuri guda, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Tsufa kuwa kullum ne. Wanda ya kashe dukiya a mako guda, alhali ɗakin tsohuwa na yoyo, maganin hawan jininta ya ƙare, takin bana bai samu ba, ya yi kitso a kan ƙwarƙwata. Tafiya ƙari ce bisa haƙƙin da aka riga aka sauke.

Na uku, wa ake nuna wa? A nan ne gizo ke saƙa. Uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗi saboda alkunya, ita ce za a tsayar gaban na'ura a ba ta kek a baki, a watsa hoton duniya ta gani. Ka tambayi kanka, ya kai mai karatu: da an ce ba hoto, da za ka yi tafiyar? In amsar a'a ce, to tsohuwar ta zama kayan ado a bikinka.

Har wa yau akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. A baƙon gari girma yakan juya. Dattijon da ake durƙusa wa a ƙofar gidansa, ga shi bai san harshe ba, bai san kuɗin ƙasar ba, sai inda ɗansa ya ja shi. Nan ne jarrabawar ɗa take. Wani zai riƙa gaggawa yana ƙosawa, har uban ya ji ya zama kaya. Mai hankali kuwa zai rage sauri, ya riƙe jaka, ya yi tafinta, ya ce, “Baba, ina kuke son mu nufa yau?” Alal misali, a Masar ana iya kai shi dalar Giza da masallacin Azhar da aka soma ginawa a 970, amma wataƙila abin da zai fi burge manomin Gozaki shi ne gonakin audugar bakin Nilu, da yadda madatsar Aswan, wadda aka gama a 1970, ta ba su ruwan noma rani da damina. A gaban gona shi ne malami, kai ne ɗalibi, girmansa ya dawo masa.

Wannan ya nuna cewa ainihin kyautar ita ce lokaci da sauraro, jirgi da masauki ɗauko su kawai suke yi. Albishir ne gare mu da aljihunmu bai kai ko Legas ba. Hasumiyar Gobarau tana Katsina, rijiyar Kusugu tana Daura, Gidan Makama yana Kano, kuma akwai iyayen da suka tsufa ba su taɓa ganinsu ba. Wanda ya jira sai ya yi kuɗin Alƙahira, yana iya samun kuɗin ya rasa wanda zai kai.

Saboda haka mai hali ya kai iyayensa su ga duniya, amma ya tambaye su tukuna, ya sauke haƙƙin gida, ya kuma kiyaye musu kunyarsu. Allah ya ba mu ikon gamawa da su lafiya, amin.