Alhaki Ne, Ko Kuwa Haɗari?

Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Maganar nan tana da daɗin ji, domin tana sanyaya zuciyar wanda aka zalunta. Amma wani labari na Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ina tambayar kaina: shin muna da ikon mu dubi masifar da ta auka wa mutum mu ce mun ga hukunci?

Labarin wani jirgin yaƙi ne na Amurka, irin manyan nan masu inji huɗu da ake kira B-29. Matuƙinsa, Robert Morgan, ya raɗa masa suna Dauntless Dotty. Ran 24 ga Nuwamba, 1944, shi ne ya ja gaban jirage 111 daga tsibirin Saipan, suka kai harin farko na irin waɗannan jirage a kan Tokyo, babban birnin Japan. Daren 9 ga Maris, 1945 kuma, yana cikin waɗanda suka zubo wa birnin bama-bamai masu cinna wuta. Gidajen talakawa na katako ne da takarda, ga kuma iska tana kaɗawa. Kafin gari ya waye mutane wajen 100,000 sun halaka, galibinsu ba sojoji ba ne.

Da jirgin ya kai hari sau 53, sai aka sallame shi ya koma gida. Ran 7 ga Yuni, 1945, kafin asuba, ya tashi daga tsibirin Kwajalein inda ya yada zango. Bai cika minti ɗaya a sama ba ya faɗa teku. Cikin mutum 13 da ya ɗauko, 10 suka mutu.

To, mai karatu, na san abin da ya zo maka a rai, don ni ma shi ya fara zo mini: alhakin mutanen Tokyo ne. Amma mu tsaya mu duba. Morgan ba ya cikin jirgin a ranar. Ya riga ya koma gida, ya rayu har 2004. Janar Curtis LeMay, wanda ya ba da umurnin ƙona birnin, sai a 1990 ya mutu, bayan ya haura shekara 80. In faɗuwar jirgi hukunci ce, ashe tsira wankewa ce ke nan? Kuma in kowace mutuwa ta farat ɗaya sakayya ce, wane laifi jariran Tokyo suka yi? Wannan ma'auni, in muka riƙe shi, zai sa mu wanke mai laifin da ya tsufa a kan gadonsa, mu tuhumi marar laifin da wuta ta ci.

Ba ina nufin babu alhaki ba ne. Akwai shi, kuma mai nauyi. Sai dai a wurin aikin ake nemansa, tun daga ranar da aka yanke shawarar ƙona unguwannin da mata da yara ke kwance. Ko da jirgin ya sauka lafiya, aka tarye shi da kiɗa, nauyin wannan dare bai ragu ba.

Abin da ke sa mu son fassara haɗari da sakayya shi ne yana sauke mana wahalar tunani. Da mun ce teku ta rama, shi ke nan mun rufe shari'a, ba sauran tambayar wa ya ba da umurni, wa ya bi, wa ya yi shiru. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mu ji tausayin mutum goman nan da suka mutu a kan hanyar gida, mu ji na dubban da suka ƙone a Tokyo, sa'an nan mu auna kowa da abin da ya aikata da saninsa.