Laifin Jiya da Ya Halatta Yau

A watan Yuni na shekarar 2010, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda ake kira NCAA, ta yanke wa Jami'ar Kudancin Kalifoniya hukunci mai tsanani, bayan binciken da ya ci shekara huɗu, domin a cewarta wani ɗalibi mai suna Reggie Bush, wanda babu kamarsa a ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa a shekarunsa na makaranta, shi da iyayensa sun karɓi kuɗi da guzurin tafiye-tafiye da gidan zama ba haya daga hannun wasu masu kwaɗayin zama dillalansa ranar da zai fara wasa don albashi. Aka hana jami'ar shiga manyan wasannin ƙarshen shekara har shekara biyu, aka soke nasarori 14 da ta riga ta samu, aka kuma rage mata gurbin tallafin karatu 30. Shi kuwa saurayin, a watan Satumba na wannan shekara ya mayar da kofin Heisman da ya ci a 2005, wanda shi ne mafi girman daraja da ɗan wasan jami'a ke samu a ƙasar. Sai ga shi a watan Afrilu na 2024 masu kofin sun kira shi sun mayar masa da abinsa, ba don wata sabuwar shaida ta bayyana ba, sai don zamani ya juya, har karɓar kuɗi da aka tozarta shi a kansa ya zama ruwan dare a kowace babbar jami'a.

Mai hankali ba zai wuce wannan labari ba tare da ya tsaya ya yi tambaya ba, kuma tambayar ta girmi Amurka da wasanninta. Shin abin da aka kira laifi jiya aka halatta shi yau, dama can laifi ne? Malaman tauhidi sun daɗe suna kai da komo a kan asalin kyau da muni, Mu'utazilawa suna cewa siffofi ne da ke cikin aikin kansa, hankali yana iya riskarsu, Ash'arawa kuwa suna cewa game da lada da zunubi Shari'a ce ke tabbatar da su. Amma duk faɗin wannan saɓani, ba a sami ɗaya daga ɓangarorin biyu da ya ce umurnin ɗan Adam kaɗai ya isa ya mai da mubahi ya zama mummuna a zatinsa ba, domin maganar Ash'arawa a kan Mahalicci take, ba a kan majalisa irin NCAA da mutane suka kafa a 1906 don rage mace-macen samari a filin ƙwallo ba. Saboda haka wajibi ne mu rarrabe tsakanin aikin da muninsa ke tare da shi ko'ina ya je, da aikin da ya zama abin zargi don kawai an yi yarjejeniyar a bar shi.

Tarihin waɗannan wasanni ya ba mu misalin nau'i na farko. A 1951 aka kama 'yan ƙwallon kwando na Kwalejin Birnin New York, waɗanda shekara guda kafin nan suka ci manyan kofuna biyu na ƙasar, da laifin karɓar kuɗi daga 'yan caca don su riƙa rage yawan ƙwallayen da za su ci. Wannan rashawa ce tsantsa, ha'inci ne ga abokan wasa da 'yan kallo, kuma ko da babu doka ko ɗaya a rubuce, babu lardin duniya da za a je a ce ya yi kyau. To, abin da aka tuhumi Bush da shi daga wannan jinsi yake? Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓo zakka, ya komo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, aka kuwa tsawata masa da cewa da ya zauna a gidan iyayensa da kyautar ba ta zo ba. Illar hukuncin a fili take: an ba shi ne saboda muƙamin da aka damƙa masa a kan dukiyar jama'a. Shi kuwa ɗan ƙwallon, ba muƙami aka saya a wurinsa ba, ba a kuma ce ya sayar da wasa ko guda ba. Ƙafafunsa ne da gudunsa, baiwar da Allah ya yi masa, suka jawo masu zawarcinsa, abin da suka ba shi kuwa ya fi kama da kafin alƙalami a kan arzikin da kowa ya hango yana tafe.

Ba na cewa ya fita fes. Duk ɗalibin da ya shiga wannan tsari yana sa hannu cewa ya yarda da sharuɗɗansa, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa umurni ce da cika alkawura, kuma mutumin kirki ba ya ɗaukar sharaɗi da baki alhali ya ƙudurce warware shi a ɓoye. Masu kare dokar ma suna da hujja wadda bai kamata a raina ba, cewa in aka saki linzami, attajiran tsofaffin ɗalibai za su saye duk yaron da ya iya gudu, ƙananan makarantu su zama 'yan rakiya. Haka ta faru a Jami'ar SMU ta birnin Dallas, inda aka riƙa biyan 'yan wasa a asirce da sanin manyan jami'ar, har aka dakatar da ƙungiyarta ɗungurungum a 1987. Wannan duka gaskiya ne. Sai dai fuƙaha'u ba su taɓa duban cika sharaɗi ba tare da sun dubi sharaɗin kansa ba, kamar yadda ƙissar Barira ta nuna cewa akwai sharaɗin da ake gindayawa ya zama ɓatacce ko da an amsa shi, kuma ba su taɓa yarda suna ya rufe musu haƙiƙar ciniki ba, domin a wurinsu abin lura a ƙulla yarjejeniya shi ne manufa da ma'ana.

In muka bi wannan ƙa'ida muka tambayi mene ne haƙiƙar tallafin karatun da ake ba ɗan wasa, za mu tarar an kira shi kyauta alhali kuwa ijara ce. Kyauta ba a ƙwace ta don wanda aka ba ya yi rauni ko ya gaza, amma tun daga 1973 har kusan shekara arba'in bayan nan, dokar ƙungiyar ta hana a ba da tallafin fiye da na shekara guda, sai in koci ya ga dama ya sabunta. Sunan nan na ɗalibi ɗan wasa ma, wanda ake ta nanatawa kamar wuridi, Walter Byers, wanda ya shugabanci ƙungiyar tun daga 1951 har fiye da shekara talatin, ya faɗa da kansa a littafin da ya fitar a 1995 cewa sun ƙago shi ne don kada kotuna su ɗauki yaran a matsayin ma'aikata masu haƙƙin diyya. Ya kuwa yi musu aiki. Da Ray Dennison ya mutu a 1955 sakamakon bugun da ya samu a ka yana yi wa kwalejinsa wasa a jihar Kolorado, matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, babbar kotun jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A shekarar da aka hukunta Bush kuwa, ƙungiyar ta sayar wa gidajen talabijin na CBS da Turner izinin nuna gasar ƙwallon kwando na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya san matsayin haƙƙin ɗan ƙodago a addini, da gargaɗin da ya zo a kan wanda ya sa mutum aiki ya gama ya hana shi ladansa, ba zai iya cewa ɓangarorin nan biyu nauyin laifinsu ɗaya ba.

Akwai kuma wani zalunci a cikin hukuncin wanda ba a cika ambatonsa ba. Gurabe 30 ɗin da aka soke ba daga Bush aka karɓe su ba, domin ya daɗe da barin makaranta, ba kuma daga kocinsa Pete Carroll ba, wanda ya koma wata babbar ƙungiya a Seattle watanni kaɗan kafin a yanke hukunci. An karɓe su ne daga samari waɗanda suke yara ƙanana sa'ad da abin ya auku, wataƙila a cikinsu akwai wanda wannan gurbi ne kaɗai ƙofarsa ta shiga irin wannan jami'a. Asalin da Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, cewa ba a ɗora wa rai nauyin wani rai, a nan an take shi da sunan tsarkake wasa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana can gabashin ƙasar, a Jami'ar Karolina ta Arewa. Duk hujjar hana yaran kuɗi ta ginu ne a kan magana guda, cewa ana biyan su da abin da ya fi kuɗi, watau ilimi, kuma da maganar ta tabbata da na karɓe ta hannu biyu, domin ƙasa da 2 cikin 100 nasu ne ke kaiwa ga wasan albashi, sauran kuwa abin da suka koya ne zai ci da su. A watan Oktoba na 2014 wani lauya mai suna Kenneth Wainstein, wanda jami'ar da kanta ta ɗauka ya yi bincike, ya bayyana cewa tsawon shekara 18, daga 1993 zuwa 2011, an gudanar da darussa na bogi a sashen nazarin Afirka da baƙaƙen Amurka, darussan da ba a shiga aji, ba a ganin malami, sai takarda guda da wata ma'aikaciyar ofis, wadda ba malama ba ce, ke dubawa sama-sama ta ba da maki mai yawa. Ɗalibai kimanin 3,100 suka bi ta wannan hanya, kusan rabinsu 'yan wasa, masu ba su shawara kuma suna tura su can da gangan don makinsu ya kai abin da zai bar su a fili. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce sashen da aka kafa don jikokin bayi su san tarihin kakanninsu shi aka mayar wurin yaudararsu. To, a watan Oktoba na 2017 NCAA ta ce ba ta iya tabbatar da an karya dokarta ta karatu ba, saboda darussan ba 'yan wasa kaɗai suka amfana da su ba, sauran ɗalibai ma an bar su sun shiga.

Wannan ita ce hila a mafi munin kamanninta, irin wadda malaman Malikiyya suka toshe wa ƙofa da ƙa'idar saddu zari'a, Ibnu Taimiyya kuma ya wallafa littafi sukutum don rushe ta: a kiyaye lafazin doka a yanka manufarta. Gidan haya da wani baƙo ya ba iyayen yaro ya jawo soke nasarori da zubar da mutunci na shekara goma sha huɗu, amma cin amanar ilimin dubban ɗalibai, wanda shi ne ainihin ladan da aka yi musu alkawari, bai jawo soke ko wasa ɗaya ba. A ganina a nan ne laifin da muninsa ke cikin zatinsa yake, domin wanda ya karɓi ƙarfin saurayi na shekara huɗu, da gwiwoyinsa da kafaɗunsa, a kan zai koya masa wani abu, sa'an nan ya sallame shi da takardar shaida wadda babu komai a bayanta, ya tauye mudu, kuma tauye mudu ba ya halatta don an yi wa kowa da kowa.

Yanzu katangar ta rushe. A watan Yuni na 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka haɗu a kan ƙungiyar NCAA a wata shari'a da ake kira ta Alston, ranar 1 ga Yuli na wannan shekara aka yarda ɗalibai su ci kuɗi da sunansu da hotonsu, a watan Yuni na 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da zai biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma bar kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sauyin hukunci saboda sauyin hali ba abin kunya ba ne. Magabatan Hanafiyya sun hana karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, na bayansu suka halatta da suka ga abin da malamai ke samu daga baitulmali ya yanke, suna tsoron kada karatu ya tozarta. Sai dai su sun sauya fatawa ne don su tsare karatun, nan kuwa ina tsoron an biya bashin kuɗi ne don a samu a manta da ɗaya bashin. An kafa ofishi na musamman wanda duk cinikin da ɗalibi ya ƙulla da ya kai dala 600 sai an kai masa ya duba, ma'aunin karatu kuwa har yanzu rabinsa ƙidayar waɗanda makinsu ya isa su yi wasa ne, wato adadin nan da darussan bogi suka shekara 18 suna cikawa. Yaro yana iya sauya jami'a uku ko huɗu yana bin wadda ta fi tsoka, kowace ta karɓe shi don kakar wasa guda, ba tare da an sami malami ɗaya da ya zauna da shi tsawon da zai san ko ya iya rubuta shafi biyu da kansa ba.