Hoto Dubu A Waya, Babu Ko Ɗaya A Bango

Ya ke 'yar'uwa, ki tuna zamanin da masana'antun Bompai da Sharada da Challawa ke aiki ba dare ba rana. In an yi albashi, ranar suna ko Sallah sai maigida ya kira mai hoto. Fim ɗinsa hoto 36 kacal yake ɗauka, don haka ba ya latsawa sai kin gyara ɗaurin ɗankwali, yara sun nutsu. Sannan a kai wanki, a yi ta jira. Yau masana'antun da yawa sun rufe, amma hoton nan yana nan a albam.

To yanzu fa? Wani injiniyan Kodak ne ya ƙera kyamara mara fim a 1975, irinta ce kuma ta taimaka wajen durƙusar da kamfanin a 2012. Sai dai kada mu ɗora mata laifi. In aka buga hotonta a takarda mai kyau, ba ya kasa na fim kyau. Sakacin namu ne: mu ɗauki ɗari, mu kasa buga ɗaya, don abin da aka samu a sauƙaƙe ba a cika riƙe shi da daraja ba.

Ranar da aka ƙwace waya, ko ta faɗa ruwa, fuskar mahaifiyarki ta tafi ke nan. Jikokinta su tambaye ki kamanninta, me za ki nuna musu?

Don Allah ki zaɓi ko guda biyar ne, ki kai a buga miki, ki adana. Allah Ya sa mu dace, amin.